Ciwon daji na hanci da kogunan fuska

A bayan hanci, cikin ƙasusuwan kumatu da na goshi, akwai wasu ƙananan koguna masu ɗauke da iska. Ciwon daji yana iya tsirowa a cikin hanci ko a cikin waɗannan koguna. Ciwo ne mai wuyar samu. Inda ake ƙidaya sosai, kamar Amurka da Turai, bai cika kama mutum 1 cikin 100,000 a shekara ba. Ya fi kama maza, musamman waɗanda suka haura shekara 50.

Me ke kawo shi?

Tun cikin shekarun 1960 likitocin Ingila suka lura cewa ciwon ya yi yawa a tsakanin masu ƙera kujeru. Daga baya aka tabbatar cewa shaƙar ƙurar katako shekara da shekaru tana haddasa shi. Haka ma ƙurar fata da shan taba. Saboda haka kafintoci da masassaƙa da dukawa su riƙa aiki a wuri mai iska, su rufe hanci da takunkumi lokacin goge katako ko fata. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Alamomi

A nan ne matsalar take. Da farko ciwon yana kama da mura, kuma a Arewa wa zai damu da mura ko haɓo a lokacin hunturu? To amma mura takan toshe kafofin hanci duka biyu, ta wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan kuwa yakan tsaya a gefe ɗaya, ya ƙi tafiya. Idan kafar hanci ɗaya ta toshe har makonni, tana fitar da jini ko majina mai wari, kuma magani bai yi aiki ba, a tafi likita. Idan ciwon ya yi nisa, kumatu yakan kumbura, haƙoran sama su yi girgiɗi ba dalili, ido ɗaya ya riƙa zubar da hawaye ko ya firfito. Yawancin masu irin wannan toshewa ba daji ke damunsu ba, amma awo ne kaɗai ke rarrabewa.

Ana warkewa?

Ana warkewa, in an zo da wuri. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa idan ciwon bai bar mazauninsa ba, kimanin mutum 8 cikin 10 suna raye bayan shekara 5. Idan ya bazu zuwa sassan jiki na nesa, adadin yakan sauko zuwa kimanin 4 cikin 10.

Har yanzu wasu na cewa daji ba ya son allura, sai a kai mai kumburi a yi masa sakiya ko a shafa masa magani. Wannan magana ba ta da tushe. Watannin da ake ɓatawa a haka su ne ciwon ke samu ya ci ƙashi ya doshi ido.

Mutumin Dumega zai fara da gidan likita mafi kusa, inda za a duba shi a ba shi takardar zuwa asibitin Dogondutsi ko na Dosso. Idan ana zargin daji, sai a tura shi Yamai wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Can za a ɗauki hoton kai, a yanki ɗan tsoka a auna. Magani shi ne tiyata da gashi da na'ura, wani lokaci a haɗa da ƙarin ruwan magani. A da, mai bukatar gashi sai ya fita ƙasar waje. Tun shekarar 2021 ana yin sa a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai. Gashin yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, don haka iyali su shirya guzuri da masauki da wanda zai zauna jinya tun kafin a bar gida.