Rushewar manyan taurari: yadda masana ke lissafa abin da ido ba ya gani

Tauraro yana tsaye ne tsakanin ƙarfi biyu: nauyinsa da ke janyo shi ciki, da zafin cibiyarsa da ke tura shi waje. Wanda ya ninka Rana nauyi sau 8 ko fiye yakan cinye makamashinsa mataki-mataki har cibiyarsa ta koma ƙarfe. Idan ta kai kusan ninki 1.4 na nauyin Rana, iyakar da Subrahmanyan Chandrasekhar ya lissafa a farkon shekarun 1930, sai ta rufta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Tunda ba a iya leƙa cikin tauraro, da lissafi ake kwaikwayon abin. A 1939, Robert Oppenheimer da Hartland Snyder sun nuna cewa ruftawar na iya zarcewa har haske ya kasa fita, abin da yau ake kira baƙin rami. A 1966, Stirling Colgate da Richard White sun yi amfani da kwamfuta, suka ce wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna niyutirino ne ke kwashe ƙarfin ruftawar, su tarwatsa bayan tauraron.

An gwada wannan magana ranar 23 ga Fabrairu, 1987, lokacin da hasken wani tauraro da ya fashe ya iso duniya. Na'urori a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kama niyutirino ashirin da ’yan kai, daidai da hasashen masana. Daga irin wannan fashewa ne mafi yawan iskar oksijin da muke shaƙa ta samo asali.

Ghana ma tana da hannu a binciken. A watan Agusta 2017 aka buɗe cibiyar nazarin sararin samaniya ta Kuntunse, kusa da Accra, inda aka sauya wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 ya zama na'urar sauraron taurari. Cikin abin da take saurare akwai fulsa, wato curarriyar cibiyar da ke saura bayan fashewa, mai faɗin kusan kilomita 20.

Da rani, idan hazo ya lafa, ana ganin jan tauraron Betelgeuse daga Salaga, Yendi da Bawku. Shi ma wata rana haka zai rufta.