Makarantar Likitoci ta Jami'ar Jos: Shekara Hamsin a Kan Dutse

Makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Jos tana ɗaya daga cikin tsangayoyi huɗu da jami'ar ta buɗe karatu da su a watan Oktoba na 1976, tare da tsangayar fasaha da zamantakewa, da ta ilimi, da ta kimiyya. Ɗaliban jami'ar baki ɗaya a lokacin 575 ne. Ita kanta jami'ar ta soma ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, sai a 1975 gwamnatin soja ta Janar Murtala Muhammad ta ba ta cin gashin kanta. Ke nan jami'ar ta cika shekara hamsin a 2025, tsangayar likitancinta kuma shekarar 2026 ce cikon hamsin ɗinta da fara karatu.

Ba a rasa dalilin sanya likitanci cikin tsangayoyin farko ba. Kafin wannan lokaci, duk faɗin Arewa makarantar da ke yaye cikakkun likitoci ita ce ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1967, kusan shekara ashirin bayan ta Ibadan. Shugaban jami'ar na farko ma, Farfesa Gilbert Onuaguluchi, likita ne kuma masanin ilimin magunguna.

Garin Jos kuwa ya riga ya saba da aikin asibiti. Haƙar kuza ta tara mutane daga kowace kusurwa tun farkon ƙarni na ashirin, sanyin tsaunin kuma ya jawo 'yan mishan suka kafa cibiyoyinsu. Asibitin Vom ya buɗe tun 1922. Asibitin Jankwano, wanda yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, ya yi suna wajen ɗinkin yoyon fitsari. A Jos ne kuma duniya ta fara shaida zazzaɓin Lassa: a farkon 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, daga garin Lassa da ke ƙasar Borno, ta rasu a Jos, wadda ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Bayan shekara guda likitar da ta duba su, Jeanette Troup, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wani majinyaci, cutar ta kashe ta a watan Fabrairu na 1970. Sabuwar makarantar ta taso ne a garin da ya riga ya san abin da aikin likita ke iya ci.

Likita ba ya ƙeruwa a aji kaɗai, sai da gadon majinyaci. A 1981 aka kafa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wanda jama'a suka fi sani da JUTH, a harabar tsohon babban asibitin gwamnati da ke kan titin Murtala Muhammad, dab da kasuwar Taminus. A nan ya shafe shekaru masu yawa cikin ƙuncin wuri kafin ya koma mazauninsa na dindindin a Lamingo. Tsarin karatun shi ne wanda aka sani a ƙasar: shekara shida, ta farko a kan kimiyyar share fage, sannan nazarin ginin jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, sannan shiga ɗakunan kwanciya a bayan manyan likitoci, ana koyon ɗaukar tarihin ciwo da duba majinyaci da karɓar haihuwa. Wanda ya gama sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki kafin hukumar likitoci ta ƙasa ta ba shi cikakkiyar rajista. Da tafiya ta yi tafiya aka ƙara sassan jinya da gwaje-gwajen asibiti, tsangayar ta zama kwalejin kimiyyar lafiya.

Abin da ya fi ɗaga sunan makarantar shi ne yadda malamanta suka ɗauki cututtukan da ke bakin ƙofarsu suka mai da su tambayar bincike. Misali mafi fito da wannan shi ne na yara masu lanƙwasasshiyar ƙafa, masu gwame da masu ƙafar baka. Littattafan likitanci da aka rubuta a ƙasashen sanyi sun koyar da cewa laushin ƙashin yara daga ƙarancin bitamin D yake zuwa, shi kuwa bitamin D fata ce ke samar da shi idan rana ta taɓa ta. To, yaya yaron da ke wuni yana wasa a ranar Jos zai rasa shi? Dakta Tom Thacher, Ba'amurken da ya daɗe yana aiki a sashen likitancin iyali na asibitin, da abokan aikinsa irin su Juliana Lawson da Christian Isichei, sun bi diddigin tambayar. Sun raba yara 123 masu wannan ciwo gida uku: wasu aka ba su bitamin D, wasu sinadarin kalsiyam, wasu duka biyun, har tsawon mako 24. A cikin waɗanda suka sha kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin, kusan kashi 60 cikin ɗari ƙashinsu ya kama hanyar warkewa sosai. A cikin waɗanda suka sami bitamin kaɗai kuwa kashi 19 ne. An buga sakamakon a 1999 a mujallar New England Journal of Medicine.

Tushen matsalar a cikin kwano yake. Yaron da aka yaye aka ɗora shi a kan kunu da tuwon masara, ba madara ba nono, abin da yake samu na kalsiyam a yini bai wuce miligiram 200 ba, kuma hatsin da kansa yana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan abin da ya samu ya hana hanji tsotsewa. Daga baya masu binciken suka gwada abubuwa masu araha, garin busasshen kifi da ƙashinsa da kuma garin farar ƙasa, don a ga ko uwa marar hali za ta iya magance ciwon ba tare da dogaro da kantin magani ba. Wannan aiki ya sauya yadda likitocin yara a Afirka da Asiya ke kallon ciwon, kuma yana cikin 'yan lokutan da binciken da aka yi a asibitin Najeriya ya gyara abin da ke rubuce a littafin koyarwa na duniya.

A fagen cutar ƙanjamau ma Jos ta yi gaba. Farfesa John Idoko ya jagoranci cibiyar kula da masu ɗauke da ƙwayar cutar a asibitin, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Harvard a ƙarƙashin shirin APIN, wanda gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ɗauki nauyinsa tun 2000. Da tallafin gwamnatin Amurka na PEPFAR ya iso a 2004, magungunan rage kaifin cutar suka zama kyauta ga majinyata, cibiyar Jos ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar. Mutanen da a da ake sallama su koma gida su jira ajali suka dawo gona da kasuwa, mata masu ɗauke da ƙwayar suka rinƙa haihuwar jarirai lafiyayyu. A 2009 aka naɗa Idoko shugaban hukumar yaƙi da cutar ta ƙasa.

Sashen mata da haihuwa ya yi wani aiki marar daɗin karantawa amma mai amfani. Farfesa Innocent Ujah da abokan aikinsa sun tattara bayanan haihuwar da aka yi a asibitin daga 1985 zuwa 2001, suka gano cewa a kowace haihuwa 100,000 mata kusan 740 ke rasuwa. Zubar jini ne kan gaba, sai shigar ƙwayoyin cuta, sai jijjiga. Mafi yawan haɗarin ya faɗa kan matan da ba su je awo ba, waɗanda ake kawowa bayan naƙuda ta yi tsawo a gida.

Makarantar ba ta tsaya a cikin birni ba. Asibitin yana da cibiyoyin lafiya a Gindiri da Zamko, inda ake tura ɗalibai su zauna su ga yadda rashin ruwa mai tsabta da nisan hanya ke haifar da ciwo. Zamko, a ƙasar Langtang, ta zama matattarar waɗanda maciji ya sara, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa har majinyaci ya rinƙa zubar da jini ta dasashi da fitsari. Manoma da makiyaya ne ta fi sara, a lokacin shuka da girbi, kuma daga jihohin maƙwabta ma ana kawo su can neman allurar kashe dafi.

Rikice-rikicen da suka auka wa Jos a 2001 da 2008 da 2010 sun jarraba asibitin ta wata fuskar. Likitocin tiyata da ɗalibansu sun karɓi masu raunin harsashi da sara da ƙuna daga kowane ɓangare, a kwanakin da garin ya rabu unguwa-unguwa bisa addini. Tagwayen bama-baman da suka tashi a Taminus ranar 20 ga Mayu, 2014, suka kashe fiye da mutum ɗari, a bakin tsohuwar harabar asibitin suka tashi, kuma cikin mamatan har da ɗaliban sashen gwaje-gwajen asibiti na jami'ar.

Matsalar da ta fi damun makarantar a yau ita ce ta riƙe waɗanda ta horar. Yajin aikin malaman jami'a da na likitoci masu neman ƙwarewa yakan mai da karatun shekara shida ya zama bakwai ko takwas, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka gama suna tafiya Ingila, Amurka, Kanada ko Saudiyya, inda albashi da kayan aiki suka fi. Tafiyar babban likita guda asara biyu ce, domin majinyata sun rasa mai duba su, ɗalibai kuma sun rasa malami. Tun da hukumar likitoci ta ƙasa tana ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka ne bisa yawan malamanta da gadajenta da ɗakunan gwajinta, adadin likitocin da Jos za ta iya yayewa nan gaba ya rataya a kan yawan malaman da suka zauna a Lamingo.