Daga Huhun Goro Zuwa Acaɓa: Tarihin Sana'a Da Hirar Majalisa A Sabon Ibadan



Duk wanda ya saba zama a majalisa bayan la'asar a Sabo, ko wurin mai shayi a Shasha da Ojoo, ya san hirarmu ba ta cika wuce abu uku ba: sana'ar da ke ci yanzu, abin da yara ke kallo a waya, da tsadar gari. Dattawa su ce yaran yau ba sa son wahala, daga acaɓa sai TikTok. Samari su ce su baba ba su san halin da ake ciki ba. Aikin sakatare ya sa ina jin ƙorafin kowane ɓangare, shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya mu ga abin da ya kawo kakanninmu garin nan, da abin da ya riƙe su.

Goro da shanu ne suka kafa Sabo. A da, fataken ƙasar Hausa Gwanja suke tafiya. Ayari ya tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da fata da tufafi, a yi wata da watanni kafin a isa Salaga a ƙasar Gana ta yau, a sayo goro a juyo. Jirgin ƙasa ne ya sauya wannan hanya. Dogo ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Manoman Yarabawa a wurare irin su Agege da Ota da Shagamu suka duƙufa dashen goro, sai kasuwar ta karkato nan Kurmi. Shi kansa Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara ƙarfi kafin ya shiga gyaɗa. Da baƙi suka yawaita a Ibadan, sai a 1916 aka keɓe musu fili kusa da Mokola, wanda shi ne Sabon da muke ciki.

Cinikin shanu kuwa ya fi na goro haɗari. Ƙudan tsando ba ya barin saniyar Arewa ta daɗe a Kurmi, don haka wanda ya koro garke ko ya loda shi a jirgi dole ya sayar da wuri. Mahautan gari kuma ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar sannan su biya. To, yaya baƙo zai ba mutumin da bai sani ba bashin shanu? A nan ne mai gida ya shigo. Shi zai sauke falke a gidansa, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya ajiye masa kuɗinsa. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai bi sawu, domin sunansa ne a ciki. Abin da yake samu la'ada ce, amma jarinsa na gaskiya amana.

Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a kan unguwar a 1969. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda dukiya mai yawa ke yawo tsakanin Kano da Ibadan ba banki, ba takardar yarjejeniya, sai sanayya da tsoron zubewar mutunci. A wancan tsari yaro ba ya shigowa gari shi kaɗai. Zai fara da ɗaukar kaya ko gyaran goro a ƙarƙashin wani mai gida, ya zama yaron dillali, ya zama dillali, wata rana a yi masa aure a ba shi jari.

Nishaɗi ma ya bi zamani. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kuma akwatin rediyo ya zama igiyar da ta ɗaure ɗan Kurmi da gida. Daga baya kaset ya zo, muryar Mamman Shata ta cika rumfuna da manyan motoci. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, wato sana'ar da mutane ke rainawa ita ya ɗauko ya ba ta daraja. A 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, daga nan finafinan Hausa suka bazu. Mu da muka taso a lokacin muna tuna yadda ake korar mu daga gidan kallo da bulala, ana cewa rawa da waƙar fim za su lalata mu. Yau mu ne muke faɗa wa 'ya'yanmu irin wannan magana a kan waya.

Haka aka yi da sana'a. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, canjin kuɗi ya zama kasuwa, aka fara ba da lasisinsa a 1989. Na ji da kunnena dattawan goro suna cewa tsayuwa bakin titi ana kiran masu dala ba sana'ar ɗan mutunci ba ce. Yanzu idan aka ambaci Sabo, canji ne ke fara zuwa zuciyar mutanen gari, kuma gidaje da yawa da shi aka gina su. Abin lura shi ne canji ya zauna daram saboda ya gaji tsarin mai gida: kowane yaro yana da wanda ya tsaya masa, kuma ana san inda za a same shi.

Wannan shi ne abin da ɗan acaɓa ya rasa. Rashin tsaro a Zamfara da Katsina da Sakkwato ya koro dubban samari daga gonakinsu. Jihar Legas ta hana acaɓa a wasu yankunanta a watan Fabrairun 2020, ta ƙara tsanantawa a watan Yunin 2022, da yawa suka gangaro Ibadan. Yaro zai sauko daga tirela da asuba, ya karɓi babur a kan biya kullum, ya kwana a bakin shago. Bai san harshen gari ba, bai san dokar hanya ba, ba kuma wanda ya san sunan mahaifinsa. A bara wani yaro ya yi haɗari, muka kwana biyu muna neman danginsa, domin abokan aikinsa laƙabinsa kawai suka sani. Kuma ba mu manta da Fabrairun 2021 ba, lokacin da ƙaramar gardama a kasuwar Shasha ta jawo asarar rayuka da ƙona shaguna. Inda baƙi suka yi yawa babu masu tsaya musu, laifin mutum ɗaya kan kowa yake faɗawa.

Saboda haka, iyayena da yayyena, idan muka zauna a majalisa muna kushe acaɓa, mu tuna an kushe canji, an kushe fim, duk ba su tafi ba. Kakanninmu ba su fi yaran nan ƙarfi ko wayo ba, sun dai sami wanda ya buɗe musu zaure ya ce wannan yarona ne. Ku kuma ƙannena, babur ba ya tsufa da mutum. Ku nemi babba ku jingina da shi, ku koyi Yarabanci, ku riƙa ajiye wani abu domin jari.

Roƙona shi ne duk mai shago ko rumfa ko gida a Sabo, Bodija, Shasha da karar Akinyele ya ɗauki yaro ko da guda ɗaya: ya rubuta cikakken sunansa, garinsu da lambar wani ɗan uwansa, ya kuma yarda a kira shi idan wani abu ya taso. Wanda ya san wani abu daga tarihin gidajen saukar baƙi na Sabo, ya taimaka ya rubuto mana kafin dattawan da suka gani da idonsu su ƙare.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci nemanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.