Tarihin Ma'adanar Filash da Direbanta: Daga Japan Zuwa Garwa

Ɗan katin nan da masu tura waƙoƙi da fina-finai a kasuwar Garwa ke kira memori, asalinsa daga Japan ne. Injiniya Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ne ya gabatar da wannan ma'adana a 1984, sannan a 1987 ya fito da nau'in NAND, wanda ke cikin wayoyin hannu a yau. Abokin aikinsa Shoji Ariizumi ya raɗa mata suna filash, domin saurin shafewarta ya tuna masa da walƙiyar fitilar kyamara.

Tun fil azal ma'adanar tana da naƙasa. Ana rubutu a cikinta shafi-shafi, amma ba a sake rubutu a kan tsoho sai an shafe babban yanki ɗungurungum, tamkar allon almajiri da sai an wanke shi kafin a ɗora sabon karatu. Kowane wanki kuwa yana cin jikinta: nau'in farko yakan jure shafewa kusan sau 100,000, masu arahar da suka biyo baya kuwa dubbai kaɗan. Don haka nauyi ya koma kan manhajar da ke tuƙa ma'adanar, wadda ake kira direba. Aron kalmar bai baƙunci kunnen Bahaushe ba, tunda direban mota ya riga shi shigowa.

Matsalar ta fi tsanani a ƙananan allunan kwamfuta da ake dasawa cikin na'urori, irin su mitar lantarki da kayan asibiti, inda ba mai tsaye a kansu. A 1999 kamfanin Axis na Suwidin ya fitar da tsarin JFFS, David Woodhouse kuma ya inganta shi zuwa JFFS2 a 2001. Hikimarsa ita ce rarraba rubutu ko'ina domin kada wuri ɗaya ya riga saura lalacewa. Aibinsa kuwa, duk lokacin da aka kunna na'ura sai ya karance ma'adanar kakaf kafin ya fara aiki, kuma da ma'adanai suka girma sai jiran ya zama azaba. Injiniyoyin Nokia da na Jami'ar Szeged ta Hangari suka magance wannan da UBIFS, wanda ya shiga Linux a 2008. Shi yana ajiye fihirisa a jikin ma'adanar, yana kuma tara rubutu a ƙwaƙwalwar wucin gadi kafin ya zuba shi gaba ɗaya.

Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ke da haɗari a arewacin Kamaru. Lantarkin yankin ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya da rani sai a shiga ɗauke wuta. Duk abin da aka tara ba a zuba ba, da wuta ta ɗauke ya tafi. Ga kuma zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40 a Garwa, wanda ke gaggauta zurarewar cajin da ke riƙe da bayanai, musamman a ma'adanar da ta sha wanki. Shi ya sa mai haɗa na'ura domin wani asibitin karkara a yankin Binuwai yakan gwammace ya rage wa direba gudu, ya tilasta masa zuba rubutu akai-akai, ko ya ƙara wa allon ɗan batirin da zai ba shi daƙiƙun kammalawa.