Gawakuke: nasarar da ba ta kashe wuta ba

Tun da sojojin Amurka suka fice daga Afganistan a 2021 bayan shekara 20, na Faransa kuma suka bar Mali a 2022 da Nijar a ƙarshen 2023, malaman lakwal sukan sha tambaya daga ɗalibai: yaya mai jirgin sama zai kasa cin mai babur? Malamin da ke koyarwa a Maraɗi ba sai ya je nesa neman misali ba, domin birnin da yake tsaye a ciki, tawaye ne ya haife shi.

A 1807 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙarƙashin tutar Ummarun Dallaje, suka ci birnin Katsina. A 1808 Alkalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gidan sarautar Katsina ya watse, Ɗan Kasawa ya yi gudun hijira zuwa ƙasar Damagaram. Ga wanda ke zaune a Sakkwato, magana ta ƙare ke nan. Amma wajen 1819 manoma da maharban Gulbin Maraɗi suka tayar wa wakilin Fulani, Mani, suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo ya yi sarauta. A lura: talakawa ne suka fara, sarki ya zo daga baya.

Wanda ya bi gulbi yau daga Jiratawa zuwa Tibiri, gonaki da garake zai gani. A wancan zamani kurmi ne mai duhu, doki ba ya sukuwa a ciki, mai baka da kibiya kuwa yana gida. Daga nan ake fita hari, a kwaso shanu da bayi, a dawo kafin rundunar Katsina ta ɗaura sirdi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san ciwon. A 1836 ya gamu da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, ya yi musu kaca-kaca. Sarkin Gobir Ali ya mutu, Sarkin Maraɗi Rauda ya mutu. Da a fagen fama ake gama irin wannan yaƙi, da ranar ya ƙare. Sai ga shi ba a jima ba Ɗan Mari ya gaji Rauda, Mayaƙi kuma ya tattara ragowar Gobirawa ya kafa Tibiri, kusa da Maraɗi ƙwarai, har masu hari suka sami gida biyu maimakon ɗaya. Bello kansa bai dogara ga takobi kaɗai ba: ya gina ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, ya zaunar da makiyaya su yi noma su yi karatu, kuma a ɗaya daga cikinsu, Wurno, ya rasu a 1837. Dabara ce ta gina ƙasa, mai kyau a takarda. Sai dai ribaɗi yana tsare wanda ke cikin ganuwa. Ɗan ƙauyen da ke waje, duk wanda ya zo da dare shi ne sarkinsa.

Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Katsina a 1851, ya tarar fatake sun karkata zuwa Kano saboda rashin kwanciyar hankali. A zamanin Ɗan Baskore hare-haren Maraɗi sun kai har ƙasar Kano. Abin da ya raunana gidajen nan biyu, rigimar cikin gida ce: Ɗan Halima ya ɓalle daga Tibiri, ya daidaita da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni; Maraɗi kuma ta shiga naɗi da tuɓe sarakuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nasara sun zo da wani salo. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ragargaza Birnin Ƙonni, ta ratsa ƙasar Tibiri tana ƙone-ƙone da kisa. Ba ta kafa mulki ko a gari ɗaya ba. A Ɗankori, ran 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da shi. Kwanaki kaɗan bayan haka, a wajen Maijirgi, sojojinsu suka kashe su duka biyun. Faransa ta sami Maraɗi ne a teburin shawara da Ingila, a yarjejeniyar 1904 da ta 1906, sannan tawagar Tilho ta bi ta kafa alamun iyaka. (Abin mamaki, tafintan tawagar, Landeroin, shi ya rubuta da yawa daga tarihin da dattawa suka ba da baki, wanda ake karantawa har yau.) Da ta zo mulki, sai ta jingina da sarakunan da ta tarar: su karɓi haraji, su tara mutanen aikin dole, har aka soke shi a 1946. An sami shiru, amma talaka ya san hukuma ne ta hannun mai karɓa.

Iyakar da aka ja ta bar Sarkin Katsina biyu, ɗaya a Katsina, ɗaya a Maraɗi. Dajin Rugu kuma, inda mutanen Ɗan Mari suka taɓa fakewa, a shekarun bayan 2015 ya zama mafakar ƴan bindiga, har satar shanu da ta mutane ta tsallako zuwa ƙauyukan Madarumfa.