Ma'anar kalmar "cumulative" da yadda ake amfani da ita

Kalmar "cumulative" sifa ce a harshen Ingilishi da ke bayyana abin da ke ƙaruwa ta hanyar taruwa, wato kowane sabon kaso ya hau kan na baya ba tare da na bayan ya gushe ba.

Asalinta kalmar Latin ce, "cumulus", ma'ana tuli ko tsibi. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita, don haka masu fassara kan ce "wanda ya taru" ko kuma "jimilla tun daga farko".

Sau da yawa akan rikita ta da "gradual", wato sannu a hankali, alhali kuwa sun bambanta. Ruwan rijiya kan ja baya sannu a hankali da rani, amma ba za a kira wannan "cumulative" ba, domin babu abin da ya taru.

Ɗaliban jami'o'in Najeriya sun san kalmar ko da ba su lura ba, domin ita ce harafin farko na CGPA. Shi ya sa sakacin shekarar farko kan bi ɗalibi har ranar kammala karatu.

Inda kalmar ta fi nauyi shi ne muhawara kan sauyin yanayi. Tun wajen shekarar 2006 China ce ke kan gaba wajen fitar da iskar kabon a kowace shekara. Amma idan aka haɗa duk abin da aka fitar tun daga 1850, Amurka ce ke kan gaba.

Da yake wani kaso na iskar kan shafe ɗaruruwan shekaru a sararin samaniya, ƙasashe masu tasowa na cewa da lissafi na biyu ya kamata a auna alhakin kowa, musamman idan aka zo batun biyan diyya.

Likitoci ma na amfani da kalmar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana dalma a matsayin guba mai taruwa, saboda jiki na ajiye ta a ƙashi da haƙora.

A jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, an gano a shekarar 2010 cewa ƙurar dalma ta hallaka yara aƙalla 400.