Gadon Suna Ba Gadon Hali Ba: Nazari a kan Fim ɗin Heavy Metal 2000

Shekara 19 masoyan fim ɗin Heavy Metal suka yi suna dakon kashi na biyu. Na farko ya fito a 1981. Na biyu, Heavy Metal 2000, ya iso a shekarar da sunansa ya nuna, kuma a Amurka bai samu zagaya gidajen sinima kamar yayansa ba, ta tashar talabijin ta biyan kuɗi da kaset da faifai ya kai ga yawancin masu kallo. 'Yan sharhi sun yi masa ca, tsofaffin masoya kuma suka fi kowa jin takaici. Dalilin da aka fi kawowa shi ne wai masu kallon ne suka girma: yaron da ya saci kallon na farko yana ɗan sakandare ya zama magidanci, abin da ya burge shi jiya ba zai burge shi yau ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai bayanin ya wanke fim ɗin da yawa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne matsalar tana cikin ginin fim ɗin kansa, domin masu shi ba su gane abin da ya raya na farkon ba.

Asalin abin mujalla ce. A tsakiyar shekarun 1970 wasu masu zane a Faransa, cikinsu da Jean Giraud wanda aka fi sani da Moebius da kuma Philippe Druillet, suka kafa Métal Hurlant, mujallar labaran zane ta manya wadda ta karkata ga ƙagaggun labaran kimiyya. A 1977 aka fara buga takwararta ta Amurka da sunan Heavy Metal. Mai buɗe mujallar bai san abin da zai tarar a shafi na gaba ba: wannan mai zane ya kai shi wata duniyar hamada, na gaba ya jefa shi cikin birni mai cunkoso. Fim ɗin 1981, wanda Gerald Potterton ya ba da umarni, Ivan Reitman kuma yana cikin masu shiryawa, ya ɗauko wannan tsari ɗungurungum. Gajerun labarai ne da aka rarraba wa ɗakunan zane daban-daban, aka ɗinke su da zare guda: wani koren dunƙule mai suna Loc-Nar, tushen sharri, wanda ke ba wata yarinya labarin ɓarnar da ya yi a zamuna da duniyoyi.

A duba labarin B-17, wanda Dan O'Bannon, marubucin fim ɗin Alien, ya ƙaga. Jirgin yaƙin Amurka ne a Yaƙin Duniya na Biyu, harsasai sun yi masa rugu-rugu, ma'aikatansa sun mutu a wuraren aikinsu. Koren dunƙulen ya bi jirgin, gawawwakin suka fara motsi. Matuƙin ya yi tsalle da lema ya tsira, ya sauka a wani tsibiri, sai ya tarar da tarkacen jirage na zamuna daban-daban, matattun matuƙansu suna tasowa suna kewaye shi. Duka labarin 'yan mintoci ne, magana kaɗan ce a ciki, kuma ba a tsaya yi wa kowa bayani ba. Kafin mai kallo ya gama jin tsoro an riga an wuce da shi zuwa barkwanci. Haka Harry Canyon, direban tasi a birnin New York na shekarar 2031, da Den na Richard Corben, da Captain Sternn na Bernie Wrightson: kowanne da hannun da ya zana shi da irin muryarsa. Wasu labaran ba su da ƙarfi, gaskiya ne, amma mai rauni ba ya daɗewa a kan allo.

Wannan kariyar ce kashi na biyu ya zubar. Kevin Eastman, wanda shi da Peter Laird suka ƙirƙiro Teenage Mutant Ninja Turtles, ya sayi mujallar a farkon shekarun 1990. Aka gina sabon fim ɗin a kan littafin zane The Melting Pot, wanda Eastman ya yi tare da Simon Bisley da Eric Talbot, Michael Coldewey da Michel Lemire suka ba da umarni. Labari guda ne daga farko har ƙarshe. Wani mai haƙar ma'adinai a sararin samaniya, Tyler, ya tsinci mabuɗin da ke kai mutum ga ruwan dawwama, taɓa shi kuma ya haukatar da shi. Ya afka wa wata duniya mai suna Eden, ya karkashe mutanenta saboda ɓurɓushin ruwan da ke jikinsu, ya sace wata budurwa, Kerrie. 'Yar uwarta Julie ta bi sawunsa don ɗaukar fansa. Shi ke nan. Abin da zai isa labarin minti 15 a tsohon tsari aka ja shi ya kusa awa ɗaya da rabi. Wani abin da ya ƙara kashe armashin shi ne Tyler yana shan ruwan da ke warkar da shi daga kowane rauni, don haka duk faɗan da aka yi kafin na ƙarshe, mai kallo ya san ba inda za shi.

Bambancin ya fi fitowa idan aka jera jaruman mata biyu. Taarna, wadda ta rufe fim ɗin 1981, ba ta furta ko kalma ɗaya. An ɗauki motsin mace ta gaske aka bi shi da zane, aka ɗora ta a kan wani tsuntsu tana ratsa ƙasa mai faɗi da ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba, kiɗan Elmer Bernstein yana ɗauke da ita. Ana ganin inuwar zanen Moebius a wurin. Shirun nata ne ya ba ta kwarjini. Julie kuwa an zana ta ne da siffar Julie Strain, matar Eastman a lokacin, wadda kuma ita ta yi muryar. An ba ta takobi da ɗan guntun kayan yaƙi don a tuna wa mai kallo Taarna, amma bakinta cike yake da ashar da barazanar da aka saba ji a kowane fim ɗin harbe-harbe. Michael Ironside, a muryar Tyler, ya yi iya yinsa, sai dai abin da aka ba shi bai wuce ihu da dariyar mugunta ba.

Za a iya cewa ai na farkon ma cike yake da tsiraici da jini, kuma yadda ya nuna mata abin suka ne. Haka ne, ba kuma za a wanke shi ba. Amma a 1981 katun a Amurka kusan kayan yara ne, ganin irin wannan a sinima ba abu ne da aka saba da shi ba, ko da bai dace ba. Kafin 2000 duniya ta sauya. Akira na Katsuhiro Otomo ya fito daga Japan a 1988, Ghost in the Shell na Mamoru Oshii ya biyo a 1995, suka nuna cewa katun na manya zai iya ɗaukar tambayoyi masu nauyi game da mulki da jiki da hankali. South Park ya riga ya mayar da batsar baki abincin talabijin. Masu kashi na biyu sun ɗauka tsiraici da jini da kiɗan jita mai ƙara su ne gadon, suka ƙaro su, suka sako waƙoƙin Pantera da System of a Down a gurbin Black Sabbath da Blue Öyster Cult. Sun ɗauki ɓawo sun bar tsaba. Ko zanen kwamfuta da suka haɗa da na hannu bai zauna ba, jiragen suna sheƙi kamar daga wani fim aka yanko su aka manna.

Shaida mafi ƙarfi ta zo daga baya. Tun wajen 2008 David Fincher da Tim Miller suka yi ta fafutukar farfaɗo da Heavy Metal a tsarinsa na gajerun labarai, kamfanonin fim suka yi ta ja da baya. Aikin nasu ya rikiɗe ya zama Love, Death & Robots, wanda Netflix ya fitar a 2019 da labarai 18, ɗakunan zane na ƙasashe daban-daban suka yi su. Shi ma yana da tsiraicinsa da jininsa da labaransa marasa ƙarfi, amma ya karɓu, ya ci lambobin Emmy, aka kuma ci gaba da sabunta shi. Magajin fim ɗin 1981 na gaskiya shi ne wannan da bai ɗauki sunan ba. Heavy Metal 2000 kuwa ya ɗauki sunan, kuma har yau ba a yi masa kashi na uku ba.